CINIKIN BIRI A SAMA: SATIFIKET ƊIN GUDANAR DA ASIBITI DA BASHIN RUWA

Juma'ar da ta gabata, bayan an sallame salla, ina tsaye a bakin masallaci da damin jaridu a hannu, sai wani ƙanenmu, wanda muka yi Islamiyya tare da yayansa, ya ja ni gefe ya miƙo mini wayarsa yana ta fara'a. Ya ce, "Yaya, duba ka gani, Allah Ya kawo mafita." Da na duba sai na ga talla ce ta wata makaranta a Amurka, wai kwas na 'yan watanni ta intanet, a ba ka satifiket na gudanar da harkokin asibiti. Ga hoton wani matashi cikin kwat yana dariya, ga albashin da aka rubuta da manyan lambobi na daloli, can ƙasa kuma an ce kada kuɗin makaranta ya dame ka, akwai masu ba da rance, ka yi karatu yanzu ka biya daga baya. Na tambaye shi, "Nawa ne ruwan da za su ɗora?" Ya ce bai duba ba. "Waɗanda suka gama bara, nawa suke samu yanzu?" Ya ce ba a rubuta ba. Wannan hira ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na tabbata ba shi kaɗai ne irin wannan talla ta shiga wa rai ba.

Tun farko bari in share wata ƙura. Babu Musulmin kirki da zai yi faɗa da neman ilimin kiwon lafiya. Malamanmu sun karantar da mu cewa farilla ce a kan al'umma ta samar da masu wannan aiki, idan babu wanda ya yi, kowa ya yi laifi. Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti aka ce katinsa ya ɓace, ko ya kwana a layin karɓar magani saboda babu mai tsara aiki, ya san darajar mai riƙe fayil da mai tafiyar da ofis. Aiki ne na halal, kuma muna buƙatar 'yan uwa maza da mata masu tsoron Allah a cikinsa. Faɗanmu da waɗanda suka mayar da wannan buƙata tarko ne, suna sayar wa talaka takarda a kan bashin ruwa, alhali sun fi kowa sanin abin da takardar za ta kawo ba zai biya bashin ba. Tunda kuma daga Amurka wannan ciniki ya samo asali, bari mu leƙa can mu ga yadda ya ƙare da 'ya'yan talakawansu.

ALBASHI BIYU, SUNA ƊAYA

Dabarar farko ita ce wasa da suna. A ƙarƙashin wannan kalma ta gudanar da asibiti akwai ayyuka iri biyu da ke da nisa kamar sama da ƙasa. Akwai manajojin asibiti, masu tsara kasafin kuɗi da ɗaukar ma'aikata. Ofishin ƙididdigar ƙwadago na gwamnatin Amurka ya nuna cewa a 2023 matsakaicin albashin irin waɗannan ya haura dala 110,000 a shekara. Amma shi wannan ofishi ya bayyana cewa ƙofar shiga wannan matsayi digiri ce, da yawa ma sai da digiri na biyu da shekaru na gogewa a aiki. Sannan akwai akawu, wato mai karɓar baƙi a tebur, mai shigar da bayanan marasa lafiya a kwamfuta, mai lissafin kuɗin magani yana tura wa kamfanin inshora. A wannan shekarar, matsakaicin albashin masu kula da fayil ɗin marasa lafiya bai kai dala 50,000 ba, shi ma na waɗanda suka daɗe a aiki ne haɗe da sababbi. Sabon shiga yana ƙasa da haka.

To, satifiket ɗin 'yan watanni da ake bai wa wanda ya gama sakandare, kujerar akawu yake kai mutum, idan ma ya kai shi. Mai talla sai ya ɗauko albashin manaja ya liƙa a jikin takardar akawu. Bai faɗi ƙarya ƙarara ba, domin lambar tana nan a littafin gwamnati, amma ya san abin da yaro zai fahimta. Wannan shi ne algus, irin na mai zuba tsakuwa a ƙasan buhu ya rufe da hatsi mai kyau a sama.

Kada kuma wani ya buga dala 40,000 da canjin naira ya ce ai wannan ma dukiya ce. Wanda ke karɓar wannan albashi a can yake zaune, a can yake biyan haraji da hayar ɗaki da inshorar lafiya da kuɗin mota, duk da dala. Abin da ya rage masa bayan wannan shi ne zai biya bashi da shi.

SU WAYE MASU SAYARWA?

A Amurka akwai kwalejojin gwamnati na unguwa masu sauƙin kuɗi, akwai kuma kwalejojin 'yan kasuwa, waɗanda kamfanoni ne kawai, wasunsu har hannun jarinsu ake sayarwa a kasuwa. Su ne suka fi cika duniya da tallar irin waɗannan gajerun kwasa-kwasai na ofishin asibiti. Ba mu muka tona asirinsu ba, Majalisar Dattawan ƙasarsu ce. Wani kwamiti ƙarƙashin Sanata Tom Harkin ya shafe shekara 2 yana binciken kamfanoni 30, ya fitar da rahoto a 2012. Ga kaɗan daga abin da ya gano.

A 2009, kusan kashi 23 cikin 100 na kuɗin da suka shigo musu a talla da farautar ɗalibai suka kashe, fiye da kashi 19 suka zuba aljihu, koyarwa kuwa, wadda don ita aka ce an buɗe makarantar, kashi 17 ta samu. Suna da ma'aikata fiye da 35,000 masu aikin jawo ɗalibai, amma masu taimaka wa ɗalibi ya samu aiki bayan ya gama ba su wuce 3,500 da 'yan kai ba. Wato mutum 10 ne ke tura ka ciki, mutum 1 ke jiran ka a ƙofar fita. Kuɗin satifiket a wajensu ya ninka na kwalejin gwamnati sau 4 da rabi. Fiye da rabin waɗanda suka shiga a zangon 2008 zuwa 2009 sun bar karatun kafin tsakiyar 2010, ba takarda, sai bashi. Ɗalibansu ba su wuce kashi 13 cikin 100 na ɗaliban ƙasar ba, amma kusan rabin waɗanda suka kasa biyan bashin karatu daga cikinsu suka fito. Rahoton har ya fito da takardun horar da masu farautar, inda ake koya musu yadda za su tono baƙin cikin mutum, su yi ta sosa masa inda ke masa ciwo na talauci da rashin aiki, har ya sa hannu.

Mai karatu, wannan makaranta ce ko mahauta?

LABARIN CORINTHIAN

Domin kada a ce muna magana a dunƙule, ga misali ɗaya da sunansa. Kamfanin Corinthian ya mallaki kwalejojin Everest da Heald da WyoTech, a 2010 yana da ɗalibai fiye da 110,000. Daga cikin manyan hajojinsa akwai difloma ta akawun asibiti da ta lissafin kuɗin inshorar lafiya, wato ainihin irin kwas ɗin da muke magana a kai. A 2013 Antoni-Janar ta jihar Kalifoniya, Kamala Harris, ta maka shi a kotu, inda ta gabatar da takardun cikin gida na kamfanin da ke nuna irin mutanen da suke nema: waɗanda ba su da kowa, waɗanda suka raina kansu, waɗanda suka ƙosa su fita daga halin da suke ciki. Mata masu renon 'ya'ya su kaɗai, da talakawan da ke bakin layin fatara, su ne abincinsu.

Akwai doka a lokacin da ta hana irin waɗannan kamfanoni samun fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigarsu daga tallafi da rancen gwamnati. A 2014 hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta Amurka ta shigar da ƙara tana zargin cewa kamfanin da gangan ya ɗaga kuɗin makaranta ya wuce abin da gwamnati ke rantawa, domin a tilasta wa ɗalibi cike giɓin da wani rance na daban da suka shirya mai suna Genesis, mai ruwa wajen kashi 15 cikin 100. Hukumar ta ce fiye da kashi 60 na waɗanda suka ci wannan bashi sun kasa biya cikin shekara 3, kuma kamfanin ya san haka za ta faru. Ta kuma zarge shi da biyan wasu wuraren aiki su ɗauki ɗalibansa na ɗan lokaci, don a rubuta a talla cewa sun samu aiki. A 2015 ma'aikatar ilimi ta ci tarar Heald dala miliyan 30 saboda ƙaryar yawan waɗanda suka samu aiki, har da lissafa wadda ke sayar da abinci a matsayin wadda ta samu aiki a fannin da ta karanta.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Afrilun 2015 kamfanin ya rufe sauran makarantunsa dare ɗaya, ɗalibai wajen 16,000 suka wayi gari ƙofa a garƙame. Kamfani ya je kotu ya ce ya karye, ya huta. Su kuwa ɗalibai bashi na nan a wuyansu. Wasu tsofaffin ɗalibai su 15 ne suka fara tsayawa a farkon wannan shekarar suka ce ba za su biya ba, wasu suka mara musu baya. Sai a watan Yunin 2022, bayan shekara 7 ana fafatawa, gwamnati ta yafe dala biliyan 5.8 da ke kan mutum 560,000. Wa zai biya su shekarun da suka ɓata? Wa zai mayar wa mace auren da bashi ya kashe, ko gidan hayar da aka hana ta saboda sunanta ya ɓaci a rajistar masu bashi?

BASHIN DA BA YA MUTUWA

Yanzu mu ɗauki alƙalami mu yi lissafin da mai talla ba ya so a yi. A zangon karatu na 2024 zuwa 2025, ruwan da gwamnatin Amurka ta ɗora wa rancen ɗalibai masu karatun farko kashi 6.53 ne cikin 100. A ce mutum ya ci dala 20,000 a kan wannan ruwa zai biya cikin shekara 10. Duk wata zai riƙa zuba wajen dala 227, a ƙarshe ya biya fiye da dala 27,000. Wannan na gwamnati ke nan, mai rangwame. A ce kuma dala 10,000 ce a kan kashi 15 irin na Genesis. Cikin shekara 10 za ta koma fiye da dala 19,000, saura ƙiris ta ninka. Wannan fa idan bai taɓa tsallake wata ɗaya ba. Idan ya yi rashin lafiya ko aka sallame shi daga aiki, ruwa ba ya zuwa hutu.

Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda aka toshe ƙofar fita. A dokar Amurka, ɗan kasuwar da ya karye, har ma da wanda ya tara bashin katin banki wajen sharholiya, yana iya zuwa kotu a sauke masa nauyin. Amma bashin karatu an ware shi daban. Gyaran dokar 1998 ya ƙara ƙulle na gwamnati, na 2005 ya haɗa har da na 'yan kasuwa, ta yadda sai mutum ya gamsar da alƙali cewa yana cikin wani matsanancin ƙunci na musamman, abin da kaɗan ne ke iyawa. Doka ta ba gwamnati ikon yanke har kashi 15 cikin 100 na abin da ya rage a albashin wanda ya kasa biya ba tare da zuwa kotu ba, ta kuma riƙe kuɗin harajin da ya kamata a mayar masa. Zuwa 2024, bashin karatu na gwamnatin tarayya kaɗai ya kai wajen dala tiriliyan 1.6, a wuyan mutane fiye da miliyan 40. Wannan ita ce ƙasar da ake ce mana mu yi koyi da ita.

Su da kansu sun san akwai ɓarna, shi ya sa suka ƙirƙiro sikeli. A 2014 gwamnatin Obama ta kafa ƙa'idar cewa kwas ɗin koyon sana'a ya ci jarrabawa ne idan abin da waɗanda suka gama shi ke biya na bashi a shekara bai wuce kashi 8 cikin 100 na albashinsu ba, ko kashi 20 na abin da ya rage bayan an cire na masarufi. Da aka fitar da sakamakon farko a watan Janairun 2017, kwasa-kwasai fiye da 800 suka faɗi, kashi 98 cikin 100 nasu na kwalejojin 'yan kasuwa ne. Me aka yi? A 2019 sakatariyar ilimi ta gwamnatin Trump, Betsy DeVos, ta soke ƙa'idar ɗungurungum. A 2023 gwamnatin Biden ta sake kafa ta, ta ƙara sharaɗin cewa dole waɗanda suka gama su fi wanda ya tsaya a sakandare samu. Ka ji fa, sai da aka rubuta doka kafin a tabbatar cewa wanda ya ci bashi ya yi karatu ya fi wanda bai yi ba! Wannan ya kafa, wancan ya rushe, talaka na tsakiya ana buga ƙwallo da shi. Haka dokar da ɗan Adam ya tsara take, tana bin iskar wanda ya fi ƙarfi da kuɗi.

SIKELIN MUSULUNCI

Mu Musulmi ba mu jira wata majalisa ta auna mana ba. Allah (T) Ya yanke hukuncin kuɗin ruwa a ƙarshen Suratul Baƙara, daga aya ta 275 zuwa gaba, inda Ya raba tsakanin ciniki da riba, Ya kuma shelanta yaƙi a kan wanda ya ƙi bari. Nan take Ya umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, Ya nuna yafewa ta fi. Sai aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta zo a kan rubuta bashi da kafa shaidu, don kada a cuci kowa. Ka kwatanta wannan da tsarin da ke ƙara wa mutum ruwa daidai lokacin da ya faɗi.

Hadisi ya tabbata cewa tsinuwar riba ba ta tsaya kan mai ci ba, ta haɗa da mai bayarwa da marubuci da shaidu. Ko bashin da babu ruwa a cikinsa, Manzon Allah (S) bai ɗauke shi da wasa ba. Ya yawaita neman tsari daga gare shi, ya kuma bayyana cewa yana jan mutum zuwa ƙarya da saɓa alkawari. An taɓa kawo gawa ya ja da baya daga yi mata salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Idan haka lamarin bashin halal yake, ina ga wanda aka gina a kan haram, don sayen takardar da ba a san amfaninta ba?

GA SHI A ƘOFAR GIDANMU

Wani zai ce wannan matsalar Amurkawa ce, ina ruwanmu? Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wayar da ke aljihun ƙanenmu ta riga ta kawo kasuwar har ɗakinsa, kuma halinsa ya fi na Ba'amurke muni ta fuska uku.

Na farko, baƙon ɗalibi ba shi da rabo a rancen gwamnatin Amurka, sai na 'yan kasuwa, kuma da dala. Kowa ya ga abin da ya sami naira. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ci dala 10,000 yana lissafin naira miliyan 4.6, ya wayi gari ana bin sa miliyan 15 tun kafin a zo maganar ruwa. Na biyu, abin da ake koyarwa a irin wannan kwas an gina shi ne a kan dokokin Amurka da tsarin inshorarsu. Me za ka yi da shi a asibitin da mara lafiya ke kwance bakin zani ya biya da hannunsa, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun jama'a yake fita? Na uku, karatun intanet ba biza ba ne, kuma takardar ba ita ce rajistar aiki a nan ba. Aikin kula da bayanan marasa lafiya a Nijeriya yana da hukumarsa ta rajista tun dokar soja ta 1989, difloma ta kwalejojin kimiyyar lafiya kuma hukumar NBTE da ke Kaduna ce ke tantance ta.

A cikin gida ma an fara koyon darasin. Duk wanda ke yawo a garuruwanmu ya ga yadda makarantun kiwon lafiya na kuɗi ke tsirowa kamar naman kaza bayan ruwa. Akwai nagari masu cikakkiyar rajista, akwai kuma wanda gida ne mai ɗaki huɗu aka kafa wa allo. Iyaye na sayar da akuya da gona, wasu na faɗawa hannun manhajojin ba da rance na waya, waɗanda cin mutuncin da suke wa masu bashi, ta hanyar aika saƙon tozarci ga duk lambar da ke wayarsu, ya sa hukumar kare masu sayayya ta kai musu samame a Legas a 2022. Mu yi lissafi a nan ma. A ce an ranto naira 500,000 a kan kashi 5 cikin 100 duk wata. Ruwa kaɗai naira 25,000 ne a wata. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku ya tafi ba a taɓa uwar kuɗi ba. Wannan kuma idan an samu aikin, idan kuma wurin yana biyan hakan, domin dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan asibitocin kuɗi da yawa a nan suke fakewa.

Za a ce ai ga asusun NELFUND da aka kafa da dokar 2024, babu ruwa a cikinsa, sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Gaskiya ne, kuma adalci ya sa mu faɗa: rancen da babu ƙari a kansa ba riba ba ne. Amma bashi ne, yana nan a wuya har lahira. Sannan mu tambaya, me ya sa aka buɗe ƙofar rance daidai lokacin da jami'o'in gwamnati da dama suka ninka kuɗin rajista a 2023? Iyayenmu sun ba mu labarin zanga-zangar ɗalibai ta 1978 a kan ƙarin kuɗin abinci, da yadda shirin SAP na 1986 ya fara zare hannun gwamnati daga ilimi da lafiya bisa shawarar masu ba da bashi na duniya. Hanyar ɗaya ce: a janye tallafi, a tsauwala kuɗi, a miƙo maka rance a ce an taimake ka. Gwamnatin da ta yi alkawari a Abuja a 2001 za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafinta ga lafiya, ba ta taɓa cikawa ba, a ina za ta samar wa waɗannan dubban masu takarda kujeru?

HUJJOJIN MASU KARE SHI

Suna cewa ilimi jari ne, don haka bashinsa bashi ne mai kyau. To, mun ji. Amma wane ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari zai zuba jari bai tambayi nawa kaya ke fita ba? Idan jari ne, a kawo littafin ciniki mu gani: mutum nawa suka shiga, nawa suka gama, nawa suka samu aiki a fannin, nawa ake biyan su. Makarantar da ta ɓoye wannan ta san abin da take ɓoyewa.

Suna cewa larura ce. Larurar da shari'a ta sani ita ce wadda mutum zai halaka ko ya shiga cuta mai tsanani, kuma babu wata hanya. Wanda ke da kwalejin gwamnati a jiharsa, wanda zai iya jinkirta shekara guda ya yi sana'a ya tara, wanda bai ma tambayi danginsa ba, ta ina larura ta same shi? Kwaɗayin hoton mai kwat ba larura ba ne, kuma Bahaushe ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Suna cewa ai wane ya yi ya dace. Haka ne, ko a caca akwai wanda ke ci, shi ake ɗauka hoto a kafa a bango. Mutum 560,000 na Corinthian ba a sa hotonsu a talla ba.

ABIN YI

Ya kai ɗan uwa, ya ke 'yar uwa, kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka zauna da wani babba mai lissafi ku amsa waɗannan. Akwai ƙari a kan abin da za a ranta maka, ko da an canza masa suna an kira shi kuɗin hidima ko tarar jinkiri? Idan akwai, magana ta ƙare. Hukumar da ke ba da rajistar wannan aiki ta san makarantar da kwas ɗin? Je ka tambaya da ƙafarka, kada ka dogara da allon bakin ƙofa. Wace kujera takardar ke kai mutum, ta manaja ko ta akawu? Nemi mutum 5 da suka gama shekara 2 da suka wuce, waɗanda kai ka zaɓo, ka tambaye su inda suke da abin da suke samu. Nawa ne irin wannan kwas a makarantar gwamnati? Sannan ka ɗauki albashi mafi ƙanƙanta da ka ji, ka cire abinci da haya da mota da haƙƙin iyaye, ka ga ko ragowar za ta biya. Idan waɗanda ba su yi imani da hisabi ba sun sa iyaka a kashi 8, kai da ka san za a tsayar da kai ka fi cancantar taka tsantsan.

Amma ba zai yiwu mu ce wa matasa kada su ci bashin ruwa sannan mu naɗe hannu ba. Laifin yana kanmu mu ma. Allah (T) Ya sa masu bashi cikin kashi takwas na masu cin zakka a Suratut Tauba. Musulunci ya zo da rance mai kyau wanda babu ƙari, ya zo da waƙafi, wanda da shi aka riƙe makarantu da asibitoci a garuruwan Musulmi ɗaruruwan shekaru. Ina attajiranmu masu zuwa Umara duk shekara? Kuɗin tafiya ɗaya zai kai yara nawa kwalejin kimiyyar lafiya? Ina kwamitocin masallatanmu? Idan kowane masallacin Juma'a ya buɗe asusu, aka rubuta, aka kafa shaidu kamar yadda aya ta umarta, aka ɗauki yaro biyu ko uku a shekara, wanda ya gama ya samu aiki ya mayar a bai wa na baya, da mun rufe wa 'yan riba ƙofa ba tare da dogon surutu ba. 'Yan uwa ma'aikatan lafiya kuma, haƙƙi ne a kanku ku zauna da ƙannenku ku gaya musu gaskiyar albashi da gaskiyar makarantu, tun kafin a yi ihu bayan hari.

Shi dai ƙanen nan namu mun zauna da shi da yayansa ranar Asabar, muka buga lissafin a bayan takarda. Da ya ga jimillar sai ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, ashe gidanmu gaba ɗaya bai kai wannan ba." Yanzu yana neman gurbi a kwalejin gwamnati, 'yan uwa kuma sun fara haɗa masa abin da ya sawwaƙa. Saura dubbai irinsa da tallar ke shiga wayoyinsu a daren nan, kuma kowannensu ƙanen wani ne a cikinmu.

Allah Ya tsare mu daga riba da nauyin bashi da rinjayen azzalumai, Ya ba matasanmu ilimi mai amfani da arziki na halal. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.